GARGAƊI: Mai sayar da lasisin Power Apps "na har abada" ya ci mini naira dubu 600

Jama'a, duk wanda ya zo muku da maganar lasisin Power Apps (abin haɗa manhaja na kamfanin Microsoft) na "biya sau ɗaya, yi ta amfani har abada", ɗan damfara ne. Babu lasisi irin wannan. Microsoft haya take bayarwa, ta wata ko ta shekara. Ni naira dubu 600 wani irinsa ya karɓe mini. Dubu 600, a wannan marrar!

Sarin kayan masarufi nake yi a Kano, shago da sito, yara 12 a ƙarƙashina. Littafin bashi ya gallabe ni, yau an yaga shafi, gobe ruwa ya taɓa shi. Na so a haɗa mini manhaja a waya da yaro zai riƙa shigar da abin da ya fita da sunan wanda ya ɗauka. Power Apps tana yin wannan ba tare da doguwar rubutar lambobin kwamfuta ba, kuma wallahi tana yi, ba ita ce matsalar ba.

Kada wani ya ce mini kwaɗayin araha ne. Ba a Facebook na tsinto shi ba, ɗan kasuwa ɗan'uwana ne ya turo shi. Har shago ya zo, ya zauna a kan buhun sukari, ya buɗe kwamfuta a cinyarsa, ya haɗa fom a gabana da sunan shagona a sama. Ya miƙo mini wayata ya ce, "Alhaji, rubuta shinkafa buhu 5." Na rubuta, nan take ya fito a allonsa. Ya ce, "Alhaji, ka gani da idonka." Wannan maganar ce ke hana ni barci. Wa zai ga haka ya ƙi yarda? Ku faɗa mini, wa?

Kuma na bincika. Na duba shafin Microsoft, na ga babban lasisin, wanda suke kira Premium, dala 20 ne ga mutum ɗaya duk wata. Yara 12, dala 240 ke nan kowane wata. Na nuna masa, ya yi murmushi ya ce wannan farashin Turawa ne, su dillalai suna da kaso na musamman, mutum 25 a biya ɗaya. Na tura dubu 480. Ya ba ni rasit har da tambarin kamfanin.

Dubu 120 ɗin daga baya ne, ranar da yara suka ce abin ya ƙi buɗewa. A'a, tun kafin nan ma ya taɓa kira yana cewa akwai kuɗin "sabunta sabar", na ce ai har abada ka ce. Da abin ya tsaya ana tsakiyar ciniki, mota na jiran lodi, dole na tura. Dubu 480 da dubu 120, dubu 600. Ya buɗe na ɗan lokaci, ya sake rufewa, layinsa ma ya rufe. WhatsApp alama ɗaya har yau.

Wani injiniya da ya duba wayar yarona, yana jin "mutum 25" ya girgiza kai. Ashe asusun gwaji ne da Microsoft ke ba wasu masu haɗa manhaja kyauta: lasisi 25, kwana 90, don koyo da gwaji kawai, ba don kasuwanci ba. Abin kyauta ya sayar mini dubu 600! Kuma shi ne admin, wato mai iko da asusun, mu baƙi ne a ciki. Sunan da ke gaban onmicrosoft.com a imel ɗin yarana ma ba na shagona ba ne. Duk lissafin bashin kwastomomina yana can a hannunsa. Yanzu ina bin mutane ina tambayarsu nawa nake binsu. Kun san kunyar da ke cikin wannan?

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, injiniyan ya ce irin manhajata da ke ajiye bayanai a SharePoint (ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft) ko Excel, lasisin Microsoft 365 na kasuwanci ya ishe ta. Premium sai za ka taɓa manyan rumbunan bayanai irin Dataverse ko SQL Server. Da ɗan damfarar ya gaya mini gaskiya da na biya halak ɗina na huta, ya ci kuɗin aikinsa da albarka.

Ku saya daga Microsoft ko dillalin da kuka tabbatar da rajistarsa, asusun ya zama da sunanku, kalmar sirrin admin a hannunku kafin ku tura sisi.

Hotunan hirarmu, da rasit ɗin bogi, da shaidar tiransifa biyun, duk zan sa su da daddare. Lauya ya ce in rufe suna da lamba tukuna. Ni ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.