Sati 8 Ko Sati 12: Yaushe Za A Ɗauki Kwikwiyo?

Tunda na fara kiwon ƙananan karnuka a unguwar Aboabo da ke Kumasi, tambaya ɗaya ake ta yi mini: "Malam, in ɗauki kwikwiyo yana sati 8, ko in jira ya kai 12?"

Wajen kuɗi, na sati 8 ya fi araha, amma sauran alluran rigakafi suna wuyanka. Ana fara su a sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk sati 3 ko 4 har ya kai 16. Na sati 12 kuwa mai kiwo ya ciyar da shi ya kuma yi masa allurai, dole farashinsa ya hau.

Haɗarin ne ya fi damuna. Ƙananan karnuka irin su Chihuahua da Pomeranian cikinsu ɗan mitsitsi ne. In suka daɗe ba su ci ba, sukarin jininsu ya faɗi, sai ka ga kwikwiyo yana tangaɗi kamar mashayi. Ga kuma cutar parvo mai sa gudawar jini, wadda ke saurin kashe wanda rigakafinsa bai yi nisa ba. A wurin uwarsa da 'yan'uwansa ne kuma yake koyon sassauta cizo.

Sai dai in mai kiwon a keji yake kulle su, ba sa ganin mutane, jiran ba shi da amfani, don lokacin sabonsu da mutane yana wucewa.

Wanda ke wuni a gida, zai iya ciyarwa sau huɗu, sati 8 ya yi masa. Mai shago a kasuwar Kejetia da ke fita tun asuba, gara ya nemi mai kiwo nagari ya jira 12.