Ƙashin ƙugu ko haƙori: wanne ya fi nuna jinsin gawa?

Idan aka tono ƙwarangwal, masu bincike kan fara duba ƙashin ƙugu, don na mace ya fi faɗi saboda haihuwa. Ido da ma'auni sun wadatar, ba tsada. Amma in yaro ne da bai balaga ba, ko ƙashin ya farfashe, sai lalube.

Haƙori kuwa akwai juriya. Ana tsaga haƙorin tauna, a ciro ɓargon cikinsa, a nemi wata ƙwayar gado mai suna amelojenin a DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta. A sakamakon gwajin mace layi ɗaya take fitarwa, na X, namiji biyu, X da Y (X da Y su ne ƙunshin gado masu raba jinsi, namiji ne ke da Y). Ni na fi yarda da shi, duk da sai ɗakin gwaji da kuɗi. Shi ma yana da tasa: wasu mazan Indiya ba su da wannan ƙwayar gado a Y, sai sakamako ya ce mata ne. Shi ya sa ake ƙara gwajin SRY, wata ƙwayar gado a Y da ke sa a zama namiji.