BAX da gasdamin D: kowa da irin hudarsa

Ƙanena da ke karatu a Riyad, jiya ka tambaya: tun da furotin ɗin nan biyu, BAX da gasdamin D, duk tantani suke hudawa su kashe ƙwayar halitta, ina bambancinsu? Saƙon ya same ni a mota tsakanin Jidda da Makka, shi ya sa sai yanzu.

Fara duba inda kowa ke huda. BAX da ɗan'uwansa BAK mitokondiriya, injin samar da kuzari a cikin ƙwayar, suke faɗa wa. Su huda fatarta ta waje, furotin sitokurom c ya zubo ya tayar da kasfes-9, wani furotin mai datse wasu, ƙwayar ta tattara kayanta ta mutu shiru, maƙwabta su kwashe gawar. Gasdamin D kuwa katangar gida yake fasawa, wato tantanin da ya kewaye ƙwayar. Kasfes-1 ya datse shi biyu, ɓangaren gaban ya nufi tantanin waje, IL-1β, ɗan aiken garkuwar jiki, ya fice, kumburi ya tashi. Mutuwa ce da ihu, unguwa duk sai ta ji.

A wajen siffa ne tazarar ta fi yawa. Sai a 2015 aka gane aikin gasdamin D, amma zuwa 2018 ɗakin binciken Hao Wu a Jami'ar Harvard ya riga ya ɗauko hoton ramin danginsa gasdamin A3, da na'urar ilektaron wadda ake daskarar da samfur kafin a duba shi: furotin 27 jere a zobe. A 2021 suka fito da na gasdamin D kansa, furotin 33, faɗin cikinsa kusan nanomita 21 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Ka tuna rijiyar da aka jera wa bulo, kowane ɗaya zaune daidai da na kusa da shi? Haka yake. Na'urar tana son abu mai maimaita kansa, domin dubban hotuna take haɗawa ta fitar da ɗaya.

BAX ya daɗe bai ba da wannan dama ba. Tun 2000 aka san siffarsa shi kaɗai, kafin ya shiga tantani. Da ya shiga sai ya haɗu bibbiyu, sannan su taru yadda suka ga dama. Hotunan 2016 sun nuna zobe, sun nuna rabin zobe kamar bakan harbi, sun nuna miƙaƙƙen layi, kowanne da girmansa, kuma kitsen tantanin ma yana cikin bakin ramin. Yagewar tsohon buhu ce, ba biyu da suka yi kama.

In batun digiri kake nema kuma tallafinka shekara uku ne, ni gasdamin zan kama, ba na wasa da wa'adin igama, takardar zama a Saudiyya.

Sai dai a wajen magani, gidan su BAX ne a gaba. Venetoclax, mai toshe furotin BCL-2 da ke danne BAX, Amurka ta amince da shi tun 2016 don wani nau'in sankarar jini. Shi kuwa gasdamin D, a 2020 ne aka nuna disulfiram, tsohon maganin raba mutum da giya, yana maƙale masa a sistin ta 191, wata gaɓa a jikin furotin ɗin, ya hana shi buɗe rami.