Garejin da ya sa min injin turbo a Hilux: inji ya yi, takardu kuwa sai da na sha wuya

'Yan uwa masu ɗaukar dankali daga Bokkos da Mangu sun dame ni da tambaya a kan garejin da ya sauya min inji, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani. Ba zan kama sunan wurin ba, a nan cikin Jos yake.

Motata tsohuwar Hilux ce mai shan gas, a-kori-kura, da injin 3L ta zo. Inji ne mai haƙuri, amma nawa ya gaji: yana shan baƙin mai, yana turnuƙe bayana da hayaƙi, in kuma na ɗauko kaya daga Akwanga na iso Hawan Kibo sai na koma giya ɗaya. Ba tsufa kaɗai ba ne. Jos tana kan tudu kusan mita 1,200, iskar nan ba ta kai ta ƙasa kauri ba, kuma injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 1,000 da ya hau. Turbo shi ke maganin wannan. Hayaƙin da ke fita ta salansa yake juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya 'yar uwarta da ke cusa iska cikin inji. Don haka da Ogan garejin ya ce in bar batun gyaran 3L in sa 1KZ-TE ɗan Beljiyam, irin wanda ke cikin Prado da Hilux Surf, ban yi musu ba. A girman inji, 3L cc 2,779 ne, 1KZ-TE kuwa 2,982 ga turbo a kai.

Aikin ƙarfe dai sun iya, wannan ko maƙiyinsu zai faɗa. Mazaunin injin da mai waldarsu ya haɗa ya zauna daram, babu karkarwa a sitiyari. Rewayansu ya burge ni ƙwarai, domin famfon 1KZ-TE da lantarki yake aiki, sai da ƙwaƙwalwar inji, kuma yaron nan ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe su tsaf, bai bar ko ɗaya tana reto ba. Ranar da na fara hawa Hawan Kibo da lodi, a giya uku na haura, ina jin turbo yana fito a hankali. Wallahi na ji daɗi har raina. Da a ranar na rubuta wannan sharhi, da cewa zan yi kowa ya kai musu motarsa.

To, sai batun takardu.

Tun ranar ciniki na kawo maganar. Kowa ya san takardun mota suna ɗauke da lambar shasi da lambar inji, in ka sauya inji kuma dole a sanar da ofishin rajista a gyara. Oga ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, ka bar mana wannan. Muna da ejan, aikinsa ke nan." Ya sa kuɗin takardu daban a cikin lissafi, na biya tare da kuɗin inji.

Ejan ɗin ya kawo min takardu sababbi fil, da hatimi da komai. Ina dubawa na ga lambar tsohon inji ce a jiki. Na nuna masa da yatsa. Ya ce kada in damu, an riga an sauya a kwamfuta, takarda ce ba ta fito da ita ba sai sabuntawa ta gaba. Na kira Oga a gabansa, shi ma ya ce haka ake yi, ba a kaina aka fara ba. Mutum biyu, kowanne da furfura a gemu, sun haɗa baki a kan magana ɗaya. Ashe sabunta tsofaffin takardu kawai ya yi, kuɗin sauyin inji kuwa ya shige aljihu.

A hanyar Abuja abin ya fashe. Na yi lodin dankali da daddare, na tashi da asuba don in riski kasuwa da wuri. Bayan na wuce Akwanga aka tsayar da ni a shingen bincike. Jami'in ya karɓi takardu, ya ce in buɗe bonet. Yana ganin turbo a cikin motar da ya san ba da shi take zuwa ba, sai ya sa aka kawo tsumma da ɗan fetur. Ya sunkuya da kansa, ya goge gefen bulok ɗin har ƙarfe ya fito, ya haska tocilar wayarsa, yana karanta lamba yana duba takarda. Ya ɗago ya ce, "Malam, injin wa ke nan?"

Na ce, "Yallaɓai, nawa ne, saye na yi." Na ciro rasit ɗin da gareji ya ba ni. Ya juya shi gaba da baya. An rubuta inji ɗaya, an rubuta 1KZ, an rubuta kuɗi, amma ba lambar inji ko ɗaya a jiki. Ya duba a na'urarsu, lambar tsohon inji ce ta fito. Ya ce da ni, da wannan takardar ba abin da zai raba injina da na sata. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, gaskiya ya faɗa, aikinsa yake yi. Ni dai na san ban taɓa jin nauyin kalma irin na ranar ba. Mutum da iyalinsa da mutuncinsa, a tsaye bakin titi ana ambaton sata a kan abin da ya biya da guminsa, direbobin da suka san ni suna wucewa suna rage gudu suna kallo.

Na kira Oga, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira ejan, a kashe. Rana ta ɗaga, ga dankali a cikin buhu ƙarƙashin tamfol, ga zafin ƙasar Nasarawa wanda ba irin na Filato ba ne. Ƙanina ne ya cece ni. Ya hau mashin ya je garejin, ya tarar da tsohon injina a yashe bayan shago, ya kankare dattin da ke kan lambar, ya ɗauki hoto ya turo. Lambar ta yi daidai da ta takarduna. Ya kuma tsaya a kan Oga sai da ya karɓi waya ya shaida wa jami'in cewa a hannunsa aka yi aikin. Da wannan aka sake ni, da sharaɗin in je in gyara takardu. Ko da na isa, kasuwa ta ci ta watse, yadda dillalai suka ga dama haka suka saya.

Da na dawo na je wurinsa, ko haƙuri mai kyau bai ba ni ba. Cewa ya yi ejan ne ya cuce mu duka. Na ce, "Oga, ni ban san ejan ba, kai na sani, a hannunka na sa kuɗina, kuma da bakinka ka ce min an sauya." Sai ya shiga zancen yadda injin ke ja, wai in gode wa Allah.

Daga nan da ƙafata na bi komai. Wahalar farko ita ce rasit. Sai da na gano mai shagon da aka sayo injin a wajensa a Dilimi, nan cikin Jos, shi kuma daga Legas aka turo masa. Mutumin ya yi kirki, ya duba littafinsa ya ga lambar, ya rubuta min sabon rasit mai ɗauke da ita, ya kuma sa aka turo kwafin takardar kwastam ta kayan da injin ya shigo a ciki. Ya ce da an nema tun ranar saye da a take ya bayar, ba wanda ya tambaye shi. Wannan magana ta fi komai ƙona min rai. Abin da minti kaɗan zai gama, gareji bai ga damar yi ba.

Da rasit a hannu sauran ya zo da sauƙi fiye da yadda ake tsorata mutane. Na yi takardar rantsuwa a kotu mai nuna tsohuwar lamba da sabuwa, na shigar da sauyin a rajistar motoci ta 'yan sanda wato CMR, na kai motar 'yan VIO suka duba, sannan ofishin lasin ya fitar da takardu da sabuwar lamba. Kamfanin inshora ma na sanar da su, don kada wata rana wani abu ya faru su ce motar da suka sani ba ita ce wannan ba.

Duban da aka yi a VIO ne ya ƙarasa sauya min ra'ayi a kan garejin. Jami'in ya ɗora farar takarda a kan lambar inji ya goga fensir har lambar ta fito, ya haɗa da fayil. Ya duba mazaunin inji ya yaba waldar, ya sa na taka totur ya kalli hayaƙi ya ce ba laifi. Da aka zo birki sai ya girgiza kai. Na baya ya cinye, birkin hannu kuma ba ya riƙewa. Ya ce, "Alhaji, ka ƙara wa mota ƙarfin gudu ba ka ƙara mata na tsayawa ba, kuma Hawan Kibo kake gangarawa da lodi." Ya ƙi sa hannu sai na gyaro. A lissafin garejin kuwa akwai duba birki, an caje ni. Bai nemi ko sisi a wajena ba, da na gyaro na dawo ya sa hannu. Allah Ya saka masa.

Sai kuma lagireto. Duk makanikin da ya san 1KZ ya san kan injin na alminiyom ne, in ya yi zafi fiye da kima tsagewa yake yi, kuma gyaran ba ƙaramin kuɗi ba ne. Su kuwa tsohon lagireton 3L suka wanke suka mayar min. A cikin gari ba za ka gane ba, amma a doguwar hawa da kaya allurar zafi takan fara ɗagawa. Wani makaniki daban ne ya sa min babba, ya kuma ja kunnena in riƙa barin injin ya ɗan yi aiki a tsaye kafin in kashe bayan doguwar tafiya, saboda turbo ya huce, in kuma daina sa masa baƙin mai na awo. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a faɗa min ranar da aka miƙo min makulli ba.

Injin kam har yanzu lafiya lau yake, ban yi nadamar 1KZ ba, kuma rewayan nan in zan same shi shi kaɗai zan ba shi aiki gobe. Amma garejin ba zan tura kowa ba. Wanda ya riga ya kai motarsa can, ya tsaya a rubuta masa lambar inji a rasit a gaban idonsa, ya hana a sayar da tsohon injin sai takardu sun fito, ya kuma cire kuɗin takardu daga lissafi ya bi abinsa da kansa. Nawa kuɗin na takardu da na birki, Oga ya ce zai mayar idan ya kama ejan. Har yau ban ga komai ba.