Wuƙaƙen cin nama masu zane a jiki: abin da na gani bayan wata huɗu

Gab da Babbar Sallar da ta wuce na sayi wuƙaƙe shida na cin gasasshen nama, irin waɗanda ake ajiye wa kowa tasa a gefen faranti. Duk shekara 'yan uwa daga Daura da Mashi suna sauka gidanmu a Ƙofar Ƙaura, kuma na gaji da ganin baƙo yana fama da balangu da wuƙa mai haƙora kamar zarto, tana yagar naman, romonsa yana tsiyayewa a faranti. Ta intanet na yi oda, kuɗin kuwa ya kusa sayen ɗan akuya.

Ba zan ɓoye ba, zanen jikinsu ne ya fara jan hankalina, layi-layi kamar an jefa tsakuwa a tafki. Masu sayarwa suna ce masa ƙarfen Dimashƙ. Sunan daga birnin Dimashƙ na Siriya yake, inda takubba suka yi suna, amma ƙarfen waɗancan takubba daga Indiya ake kawo shi, kuma yadda ake sarrafa shi ya ɓace tuntuni. Na yanzu wata hanya ce daban. Ana jera fallayen ƙarfe iri biyu, ɗaya bisa ɗaya, a zuga su a wuta har su yi ja, a daka su manne, a miƙar, a ninka, a sake dakawa. Kowane ninki yana ruɓanya yawan fallayen. Bayan an fitar da siffar wuƙa an goge, sai a tsoma ta a ruwan asid: ƙarfe ɗaya ya yi duhu, mai sinadarin nikel ya tsaya da haskensa, zanen ya bayyana.

Nawa falle 67 ne, 33 a kowane gefe, sai falle ɗaya a tsakiya na ƙarfen VG-10 da ake yi a Japan. Wannan na tsakiyar shi ne mai yanka, sauran riga ce kawai. Wanda zai saya, sunan ƙarfen tsakiya ya kamata ya tambaya kafin ya tsaya ƙirga fallaye.

Da suka iso na kai ɗaya wurin wani tsohon maƙeri da mahaifina yake ba shi aiki tun muna yara. Ya juya ta a hasken rana, ya duba gadon bayanta, ya ɗan goga babban yatsa a kaifin. Na ce, “Baba, ba zanen inji ba ne suka yi mini?” Ya ce, “A'a ɗana, dubi nan, layukan sun ratsa har bayanta. Na bogi a fuska kawai ake zana shi.” Wannan gwajin ya kwantar mini da hankali, domin masu zanen bogi sun yi yawa.

Wajen aiki ba ni da ƙorafi. Ranar yawon Sallah na gasa cinyar rago, wuƙar ta ratsa ta sumul, yankan ya fito a shafe, naman ya riƙe romonsa. Ƙanwar mahaifiyata, wadda haƙoranta suka yi rauni, ta yanka nata siriri-siriri da kanta, abin da ya fi komai faranta mini rai a ranar. Har yau sau ɗaya na wasa su a dutse.

Amma akwai aibi biyu. Ƙarfen yana da tauri ƙwarai, don haka ba ya lanƙwasa, sai dai ya ɓalle. Wani yaro ya ɗauki ɗaya ya sari ƙashin haƙarƙari, bakinta ya gutsire. Na biyu laifin masu haɗawa ne: ƙotar ɗaya ta fara girgiɗi tun makon farko, na rubuta wa mai sayarwar sau uku, ko amsa bai ba ni ba, kuma abin ya yi mini ciwo a kaya masu wannan tsada. Ba a kuma barinsu a jiƙe cikin kwanuka. A wanke da hannu, a goge nan take.

Zan ba mai son tarbar baƙi shawara ya saya, amma huɗu sun isa, kuma ya ajiye su nesa da wurin fiɗa. Sara da fasa ƙashi aikin wuƙar maƙeranmu ce. Mai gutsiren tana wurin Baba, ya ce in koma ranar Laraba.