Inshorar mota ta dubu 15: tana biya, amma miliyan 3 ba ta kai ko'ina

Tun 1 ga Janairun 2023 da NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ta ɗaga kuɗin inshorar tad-fati (wadda ke biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wani) daga naira dubu 5 zuwa dubu 15, kowa kukan ƙarin yake yi. Ba a cika maganar abin da aka ƙara a madadinsa ba: diyyar ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3 ga motar gida. A ganina dubu 15 ba ta yi tsada ba, in dai takardar ta gaskiya ce. Kuma kamfanonin inshora suna biya, wannan kam na shaida, abin har ya ba ni mamaki.

Inda gizo ke saƙar shi ne ita miliyan 3 ɗin. Ga haɗarin da na bi diyyarsa har ƙarshe. Corolla mai tad-fati ta daki bayan Prado a cunkoso, Prado ta zabura ta daki wata ƙaramar mota a gabanta. Babu wanda ya ji ciwo. A ido kamar abin wasa, amma da aka buɗe sai ga bambar baya ta tsage, ƙofar but ta lotsa har gilashinta ya fashe, fitila ɗaya ta tafi, na'urorin da ke ƙara in ana ribas sun mutu. A gaba kuma bamba da fitila, ga lagireto na ɗiga. Mai Prado ya rantse ba za a sa masa kayan Beljiyam na Ƙofar Ruwa ba, sai sabo dal. Kafin a zo kan fanal-bita da fenti, lissafinsa kaɗai ya haye miliyan 3, ga mai ƙaramar mota yana tsaye yana jiran nasa. To iyakar nan ta haɗari guda ce, ba ta kowace mota ba. Ko motoci biyar ka haɗa, ita ce dai za a raba. Abin da ya haura kuwa daga aljihunka zai fito, kuma taka motar da ta fi kowacce rugurgujewa ko sisi ba ta samu, don tad-fati ba ta san da kai ba.

Sai wahalar karɓa, wadda ta kusa sa in janye yabon da na yi. A sanar da kamfani nan take, ba bayan an gama sulhu a bakin titi ba. Suna neman rahoton 'yan sanda, hotunan motocin kafin a matsar da su, lasisin direba da bai ƙare ba, takardar neman diyya daga wanda aka yi wa ɓarna, da ƙiyasin kuɗin gyara. Sannan su turo injiniyansu ya rage abin da zai rage. In sassan da suka lalace tsofaffi ne, sukan cire wani kaso don an sa sabo a madadinsu. Kada a taɓa gyara kafin ya gani. Kada kuma ka sa hannu cewa kai ne da laifi ko ka yi alkawarin biya, ko da dattawan wurin sun matsa a yi maslaha. Sharuɗɗan takardar sun hana, kuma da wannan kaɗai ana iya juya maka baya. Duk tsawon lokacin nan mai Prado kai yake kira, ba kamfani ba.

Nawa ya kamata a saya? Kada ka duba darajar taka motar, duba motocin da kake gogayya da su kullum. Mai tsohuwar Golf da ke zirga-zirga a cikin Abuja ya fi mai sabuwar mota a ƙauye buƙatar babbar iyaka. Ana iya neman kamfani ya ɗaga iyakar zuwa sama da miliyan 3 da ƙarin kuɗi, amma sai ka tambaya da bakinka, kuma ka tabbata an rubuta sabon adadin a jikin takardar. Cikakkiyar inshora, wadda ba a sayar da ita ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na darajar mota, tana gyara taka, sai dai ɓangaren ɓarnar wani galibi yana nan a miliyan 3 in ba ka nemi ƙari ba. Mutane da yawa ba su san haka ba. Mai shakkar halaccin inshora a addini ya nemi ta takaful, wato wadda aka tsara bisa ƙa'idojin Musulunci. Adaidaita sahu miliyan 2 ce iyakarta, babur miliyan 1, tirela miliyan 5, wadda ni dai dariya take ba ni in na tuna irin ɓarnar da tirela ke yi.

Tun da 'yan sanda suka tsananta bincike a Fabrairun 2025, masu buga takardar bogi a bakin ofisoshin lasisi kasuwarsu ta buɗe. Ka saka lambar motarka a manhajar NIID, rumbun tantance takardun inshora, kafin ka bar wurin da ka sayi takardar. In ba ta fito ba, ka nemi kuɗinka tun mai kamashon yana gabanka.