Duba rahoton muhalli: a ofis ko a bakin rami?

Kamfanin da zai haƙa zinari a Anka ko Bukkuyum, a Jihar Zamfara, sai ya miƙa wa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya rahoton illar aikinsa ga muhalli, bisa dokar tantance illa ga muhalli ta 1992. Ana baje rahoton kwana 21 na aiki don jama'a su duba.

Ma'aikatar na iya bitar rahoton a ofis ta hannun ma'aikatanta, ko ta ba kwamitin masana. Bita a ofis ta fi sauri da arha, ta kuma wadatar ga ƙaramin aiki. Sai dai abin da takarda ta faɗa kawai ma'aikaci zai gani.

Kwamitin masana kuwa yana cin kuɗi da lokaci, amma shi ke taka ƙasa. Masanin ruwa zai auna tazarar wurin wanke ƙasa da rijiyar gari. Masanin ƙasa zai tambayi inda aka ɗebi samfur, da rani ne ko da damina, don sakamakon yana bambanta. Likita zai duba ko a bushe za a niƙa dutsen, domin ƙurar nan ce ta kai gubar dalma cikin gidaje a 2010, yara sama da 400 suka rasu a Zamfara. Inda dalma ke cikin dutse, kwamiti muka fi amincewa da shi, muddin an saurari mata, tunda a tsakar gidajensu aka riƙa niƙan.